Haƙorin Makka da Aka Ƙera a Sabon Gari

Inna ta je Makka ne domin Allah, wannan ko a gaban alƙali zan shaida. Amma ta tafi da wata niyya ta biyu a ɗaure a bakin zane, wadda ba ta gaya wa kowa ba, har ni da nake leƙa ta kusan kullum. Sai da ta dawo muka sani, kuma ba daga bakinta muka fara ji ba.

A lokacin ina gidan aure a Rijiyar Lemo da 'ya'ya biyu da keken ɗinki, ita kuma tana gidanmu na Fagge inda aka haife mu. Shekarun da kuɗin mai suka faɗo ƙasar nan ne, lokacin da mutum zai kwana da keke ya wayi gari da babur. Kowane zaure da rediyo mai kaset, siminti ya fara cinye ginin ƙasa. Yayanmu, wanda yake sayar da atamfa a Kantin Kwari, shi ma ruwan ya taɓa shi. Ya rantse ba zai sayi mota ba sai ya fara biya wa Inna kujerar Hajji, ya kuwa cika.

Tun tana budurwa Inna ma'abociyar goro da furen taba ce, haƙoranta jawur, kuma ta san suna yi mata kyau. Ciwon dasashi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai haƙori ya fara girgiɗi, ta yi ta taɓa shi da harshe, wata rana ya biyo lomar tuwo. Wanzami ya cire wasu, ragowar kuma a asibiti aka ƙarasa su. Goro dai ba ta bari ba, ta sayi magogi tana goge shi tana mamula. Abin da ta bari shi ne mu.

A gidanmu mata da yara kwano ɗaya muke ci, kuma Inna ce mai raba nama. Ita ce mai labari, ita ce mai tsokana, in ta yi dariya har zaure ake ji. Da haƙoran suka ƙare sai ta fara ɗiban abincinta a 'yar samira ta shige ɗaki ta saki labule. In abin dariya ya zo ta kai gefen mayafi baki. Biki da suna ta koma aika gudummawa. Ni abin yana ci min rai ƙwarai, domin uwata tana raye amma wurinta a bakin kwano ya zama fili.

Na taɓa yi mata maganar wani mai yin haƙoran roba a Sabon Gari. Ko ƙarasawa ba ta bari na yi ba.

"Wanda ake cirewa da dare a sa a kofi?"

Na ce shi.

"Haƙorin da yake kwana a kofi ai ba haƙori ba ne, baƙo ne. Ni na gaji da baƙi."

Muna da wata maƙwabciya Babarbariya, cikin mutanen Barno da suka daɗe a Fagge har Hausarsu ta fi tamu gishiri. Ta riga Inna zuwa Hajji, ta dawo da haƙorin Makka yana walƙiya a gefen baki, kamar yadda kowace Hajiya take dawowa a lokacin. Ina zaune wata rana Inna ta ce mata ta matso. Ta sa farce ta ƙwanƙwasa haƙorin, ta ɗan girgiza shi.

"Wannan ana cire shi da dare?"

"Wane irin cirewa? An kafa shi ke nan, sai kabari."

Inna ta gyaɗa kai, ta ci gaba da goga goronta. Ni ban kawo komai a raina ba. Ashe a nan ta yanke wa kanta hukunci cewa a Makka dasa haƙori ake yi, kuma wanda ya iya dasa ɗaya ai zai iya dasa baki guda.

Tare da maƙwabciyar suka tafi, ita karo na biyu ke nan. Ranar da jirginsu ya sauka gidanmu ya cika har soro. Inna ta zauna a kan darduma tana raba dabino da zamzam da tasbaha, mayafi a baki, kowa yana yi mata barka yana satar kallon inda haƙorin ya kamata ya kasance. 'Yata ta fari, wadda suke wasan jika da kaka kamar za su cinye juna, ita ce ta fasa.

"Hajiya, ina haƙorin? Ko dai a Jidda kika tsaya?"

Aka kwashe da dariya. A da Inna da ta rama har sai yarinyar ta gudu. Ranar kuwa sai ta miƙa wa ƙanwata kwanon dabinon, ta tashi ta shige ɗaki.

Maƙwabciyar ce ta ja ni bakin murhu ta ba ni labari. Bayan an gama aikin Hajji Inna ta matsa mata sai ta kai ta shagon da aka sa mata nata. Suka samu wani Bahaushe mazaunin can ya yi musu tafinta. Inna ta ce baki guda take so, sama da ƙasa, ba sai na zinariya duka ba. Mai shagon ya ce ta buɗe, ya leƙa, ya yi magana da tafinta. Tafinta ya ce, "Hajiya, abin nan riga ce ake sa wa haƙori. Ke kuwa babu mai sa rigar." Maƙwabciyar ta ce Inna ta rufe baki, ta yi godiya, suka fito. A hanya ta tsaya ta sayi 'yan kunne na zinariya, ƙanana, ta ce kada a ce ta zo ta koma hannu rabbana.

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi fushi, domin shi ya fi min sauƙi. Na ɗaga labule na shiga.

"Inna, da kin tambaye ni ai da na gaya miki."

"Ke kin taɓa zuwa Makkan ne?"

"To yanzu a ɗaki za ki ƙare?"

"Ɗakin nawa ne."

Muka yi ta yi har na ga na fara wuce gona da iri. Na sassauta murya na ce ta yi haƙuri, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ta dube ni ta saman mayafi ta ce, "Ni ai na huta da wannan rigimar." Da na ji haka sai na san Innar da na sani tana nan a ciki, ɓuya kawai ta yi.

Ina da tsohon ciki a lokacin. Na ce mata in Allah ya sauke ni lafiya, ba zan sa naman suna a bakina ba sai a kwano ɗaya da ita, a tsakar gida, a gaban kowa. Ta ce mai jego ba ta wasa da abinci. Na ce to ta sani. Ta san taurin kaina, domin a wurinta na sha shi. Bayan 'yan kwanaki, sai wata safiya ta aiko yaro ya ce min in zo da mayafina, za mu unguwa.

Muka hau tasi. A shataletalen Bata motoci suka cushe, sababbi fil, kowa yana danna ham kamar shi kaɗai aka ba. Inna tana ta kallon taga tana cewa in an tambaya, asibiti muka je. Shagon yana wani layi a Sabon Gari, tsakanin mai hoto da mai sayar da faifan garmaho. Mai shi Ibo ne, dattijo, gajere, da tabarau a kan hanci. Ya taɓa aiki a sashen haƙori na asibitin gwamnati, ya bar Kano lokacin tashin hankali, bayan yaƙin basasa ya dawo ya share shagonsa ya ci gaba. Mun same shi yana cin gasasshiyar masara.

"Mama, sannu da zuwa. Ka zauna a nan."

Inna ta raɗa min cewa tun ba a fara ba ya mai da ta namiji. Ta zauna, amma mayafi yana baki. Ya roƙa, na roƙa, ta ƙi. Mutumin bai yi gardama ba. Ya ɗauki masararsa ya gatsa, ya tauna a gabanta a hankali har ya haɗiye. Sannan ya juya ya wanke hannu, ya sa yatsa biyu a baki ya zaro haƙoransa gaba ɗaya, sama da ƙasa, ya ɗora a tafin hannu. Fuskarsa ta lotsa nan take, ya zama wani tsoho daban.

"Mama, ni da kai ɗaya ne," in ji shi, maganar tana fita da iska.

Inna ta dube shi, ta dubi masarar, sai dariya ta ƙwace mata, mayafin ya zame. Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta buɗe baki.

Ya daɗe yana dubawa. Ya ce sai mun fara kai ta wurin likita ya tabbatar babu guntun saiwa da ya rage a dasashi, mu dawo. Muka je muka dawo. Ya kwaɓa wani abu ruwan hoda kamar ƙullun ƙosai, ya zuba a wani ɗan cokali mai siffar baki, ya danna mata a dasashi ya ce kada ta motsa. Idonta ya kawo ruwa, ta riƙe hannuna tana murzawa kamar ni na kwaɓa. Da ya cire sai ga hoton bakinta ya fito a jiki, kowane lungu da tudu.

Bai ɓoye mata komai ba, kuma wannan ne ya sa ta yarda da shi. Ya ce na sama zai kama, domin ganɗa tana da faɗi, zai manne. Na ƙasa kuwa sai haƙuri. Ƙashin muƙamuƙinta ya zaizaye tun da haƙoran suka bar shi, babu tudun da zai riƙe, ga harshe yana ture shi. Sai ta koya wa bakinta yadda zai zauna da shi.

"To ba ka da ƙusa ne? Ka kafe shi mana, kowa ya huta."

Na ce Inna wace irin magana ce wannan. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ce ya ji ana cewa a Turai wasu likitoci suna gwada dasa ƙarfe a cikin ƙashi su ɗaura haƙora a kai, amma shi bai gani da idonsa ba, ba zai sayar mata da abin da bai gani ba. Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wataƙila wannan zai gani."

"To ke ki jira," in ji Inna. "Ni suna nake da shi a gabana."

Da aka zo zaɓen launi ya kawo mata farare tas. Ta ce waɗannan na 'yan makaranta ne, ita so yake a ce ta haukace? Ya yi ta fito da wasu har aka samu masu ɗan duhu, irin na wanda ya san goro. Yana jera su a kan kakin gwaji sai ya ji na kira ta Hajiya. Ya tsaya. Ya ce in dai ta je Makka ai tana da haƙƙin na zinariya, zai iya sa mata ɗaya a gefe.

Inna ba ta amince nan take ba. Na san abin da yake damunta, ba ta son ta yi yawo da ƙarya a baki. Haƙorin Makka da aka yi a Sabon Gari, a hannun Kirista, me za ta ce in an tambaye ta? Muka koma gida ba ta ba shi amsa ba. Da za mu koma sai na ga ta kwance bakin zane a cikin tasi, ta fito da 'yan kunnen nan da ta saya a ranar da aka sallame ta daga shagon Makka. Ta sa muka biya wurin wani maƙerin zinariya a Fagge, ta ce ya narke su. Ta kai wa mai haƙori ɗan dunƙulen da hannunta.

"Ni na je da ƙafata, wannan ma ya je. Aikin ne kawai ya makara."

Kada in yi ƙarya, farkon sa su azaba ne. Suka ji mata ciwo a dasashi, yawu ya yi ta zuba, magana ta koma kamar tana da ruwan zafi a baki. Sau biyu tana cire su ta jefa a kwalla ta ce a mayar masa da kayansa. Ni da cikina a gaba nake ɗaukar su in ɗauke ta mu koma, ya duba inda ya yi ja, ya goge wurin kaɗan, ya ce ta dawo in ya sake ci. Ya ce ta fara da abu mai laushi, ta riƙa tauna ta gefe biyu lokaci ɗaya, ta kuma yi ta magana da su. Wannan na ƙarshe bai ba ta wahala ba. Ta koma yin lazimi da ƙarfi, kajin gidan kuwa suka sha faɗan da ba su taɓa sha ba. Amma har na haihu a ɗaki take cin abinci.

Ranar suna da rana aka kawo min kwanon tuwon shinkafa da naman rago a tsakar gidan Fagge, inda na koma wankan jego. Mata sun cika. Na ajiye kwanon a gabana na naɗe hannu. Ƙanwata ta ce in ci, maƙwabciyarmu ta ce in ci, na ce ina jira. In ba ta fito ba ban san yadda zan janye maganata ba.

Sai labule ya motsa. Ta fito da atamfa sabuwa, mayafi a kafaɗa, ba a baki ba. Ta zauna a wurinta na da, ta wanke hannu, ta jawo kwanon ta fara raba nama kamar jiya ta bari. 'Yata ta matso tana leƙen bakinta.

"Lah, Hajiya, ashe kin ƙarasa Makkan."

"Na ƙarasa, mai kan kwakwa. Ke ko Kurna da ke nan kusa ba ki taɓa zuwa ba."

Aka yi dariya, ita ma ta yi, irin ta da, baki buɗe, zinariyar tana walƙiya. A tsakiyar dariyar na ƙasan ya taso, ya zame, ya faɗa cikin miya.

Kowa ya zuba wa kwanon ido. Na ji kamar in nutse, na ce shi ke nan, ta koma ɗaki har abada. Inna ta dubi kwanon. Ta sa yatsa biyu ta tsamo shi, ta ce a miƙo mata buta. Ta ɗauraye shi a gefe a gaban kowa, ta mayar, ta danna da babban yatsa.

"Ya riga ni jin yunwa ne," in ji ta. Ta yanko loma ta kai baki, ta tura min tsoka gabana. "Ci, ke kuma, kin ishe ni."

Na ci ina hawaye, naman ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Daga ranar ba ta sake cin abinci a bayan labule ba. Na ƙasan bai daina yi mata tsiya ba har ƙarshen rayuwarta, kuma kullum da dare suna kwana a kofi. Takan ce baƙin nata sun zama 'yan gida, amma da za a samu mai ƙusa da ta fi so. Da ta rasu aka cire su wajen wanka, aka miƙo min a ƙyalle. Na adana su a ƙasan adakata.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Nawa haƙoran ma haka suka bi, ɗaya bayan ɗaya, duk da ban kai ta cin goro ba. Da na ƙarshe ya tafi, 'yata, mai kan kwakwar nan, wadda yanzu ita ma tana da jikoki, ta kai ni wani asibitin haƙori a nan Kano. Likitar yarinya ce, sa'ar jikata. Ta ɗauki hoton ƙashin bakina, ta zaunar da ni tana yi min bayani a hankali kamar mai tsoron kada in firgita. Ta ce za a dasa wasu 'yan sukurori a cikin ƙashin muƙamuƙi, na wani ƙarfe da jiki ba ya ƙi. A bar su wasu watanni har ƙashin ya kama su gam. Sannan a ɗaura jerin haƙora a kansu, ba cirewa da dare, ba kofi, in ba ita ta kwance da kayan aikinta ba. Ta ce akwai jira, akwai kumburi, kuma sai na riƙa wanke ƙarƙashinsu da ɗan burushi kullum, in ba haka ba ciwon da ya ci na farko zai dawo.

Na ce, "Wato ƙusa."

Ta ce ba ƙusa ba ce, Hajiya, ta fara sabon bayani. Na ce ta bar shi, na gane, an yi min bayanin tun ba a haife ta ba.

Aka yi, na sha jiran, na sha kunu har na gaji da ganinsa. Da lokacin ɗaura haƙoran ya matso na je mata da ƙyallen nan. Robar ta dafe ta tsage, amma zinariyar tana nan yadda take. Na tambaye ta ko masu haɗa mata haƙora za su iya narke wannan su sa min a gefe. Ta ce yanzu ba a cika yi ba, farare ake so. Na ce ni ba 'yar makaranta ba ce. Ta juya shi a hannu, ta ce za ta tambaya, ƙila sai an ƙara masa kaɗan. Na ce a ƙara.

Ranar da aka ɗaura su ta miƙo min madubi. Ban fara duba fararen ba. Na sa farce na ƙwanƙwasa na zinariyar, na kama shi na girgiza kamar yadda na ga Inna ta yi wa na maƙwabciyarmu. Ko motsi bai yi ba.

Likitar ta tambaye ni ko akwai inda yake min ciwo, ganin idona ya cika. Na ce babu. Na ce da 'yata ta tsaya a hanya ta saya min gasasshiyar masara.